Ɗan Tseren da Hamada Ta Riƙe Kwana Tara

A tsakiyar watan Afrilun 1994, lokacin da manoman Gwangwan da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Ƙaraye ke sharar gona suna duban gabas ko hadari zai taso, wani ɗan sandan Italiya mai suna Mauro Prosperi yana can kudancin Maroko yana gudu cikin rairayi da jaka a bayansa. Ya bar mata da 'ya'ya uku ƙanana a tsibirin Sisili. Babu wanda ya koro shi, da ƙafarsa ya kai kansa tseren da ake kira Marathon des Sables, wanda ake yi duk shekara a bakin Sahara.

Wani Bafaranshe ne mai suna Patrick Bauer ya kafa tseren. A 1984 ya taka da ƙafa shi kaɗai cikin hamadar Aljeriya, kilomita 350 cikin kwana 12, yana ɗauke da ruwansa da abincinsa. Da ya dawo gida abin bai bar ransa ba, sai ya shirya wa wasu irin wannan tafiya, amma a guje. An fara a 1986 da mutum 23. Tsarin kuwa shi ne a yi kusan kilomita 250 cikin mako guda, zango shida, wato ya ɗara nisan Kano zuwa Kaduna, kuma ba bisa kwalta ba. Kowane ɗan tsere shi zai goya abincinsa na mako, da abin kwanciyarsa, da kamfas, da usur, da madubin yi wa jirgi alama, da abin zuƙe dafin maciji. Masu shirya tseren ruwa kawai suke bayarwa, shi ma a ƙididdige, sai rumfar da za a kwana a ciki. Prosperi ya ce kafin a tashi an ba su wata takarda su cike, a cikinta har da gurbin rubuta inda za a kai gawar mutum idan ta Allah ta kasance.

Shi ba baƙon wahala ba ne. Ya yi shekaru yana wakiltar ƙasarsa a gasar nan mai haɗa wasanni biyar, gudu da ninƙaya da harbi da sukuwar doki da wasan takobi, sannan ya koma aiki cikin 'yan sanda mahaya dawaki. Da ya ƙudurta shiga tseren hamada sai ya riƙa gudun kilomita 40 a rana, yana kuma rage shan ruwa da gangan don jikinsa ya saba da ƙishirwa. Kwanaki ukun farko sun tafi yadda yake so. Rana ta huɗu ita ce ta zango mafi tsawo, sama da kilomita 80, kuma yana cikin na gaba-gaba. A irin wannan matsayi mutum yakan yi sa'o'i bai ga kowa ba, domin na gabansa sun ɓace masa, na bayansa kuma ba su iso ba.

Yana tsakiyar tuddan rairayi iska ta taso. Mu a nan mun san guguwar farkon damina, wadda ke zuwa da jan ƙura ta yaye rufin kwano, bayan rabin sa'a ruwa ya biyo ta ya kwantar da komai. Ta can babu ruwa a bayanta. Rairayi ne ke tashi ya zama bango, ya rufe rana, ya riƙa sukar fuska. Ta yi wajen sa'a takwas tana bugawa. Ya naɗe fuskarsa da rawani, ya juya wa iskar baya, yana ɗan matsawa lokaci-lokaci don kada rairayi ya binne shi. Da ta lafa dare ya yi, sai ya shimfiɗa abin kwanciyarsa ya yi barci. Abin da ke damunsa a wannan dare shi ne matsayinsa a tsere ya tafi.

Gari ya waye, ƙasar da ya sani jiya ta canja kama. Tuddan da ke jikin taswirarsa sun ƙaura, alamomin da aka kakkafa don nuna hanya rairayi ya shafe su. A nan ne, a ganina, labarin ya karkace. An gaya wa 'yan tsere cewa wanda ya ɓata ya tsaya inda yake a zo a same shi. Amma mutumin da ya saba da ƙarfin ƙafarsa yana da wuya ya yarda cewa zama ya fi tafiya. Ya ɗauki jakarsa ya ci gaba da gudu, yana zaton ba da jimawa ba zai ci karo da wani ɗan tsere. Ya yi sa'o'i yana gudu, sannan ya hau wani dogon tudu ya duba gabas da yamma, kudu da arewa. Babu mutum, babu mota, babu sawu. Abin da ya rage masa rabin gorar ruwa ne. Kowane taku da ya yi a wannan safiya nisanta shi ya yi daga inda masu ceto za su neme shi, kuma ƙarfin nan nasa da ya kai shi gaba a tsere shi ne ya kai shi nesa.

Wanda ya yi azumi a shekarun nan da watan Ramalana ya faɗo cikin Maris da Afrilu ya san abin da ƙishirwar bazara ke yi wa mutum daga azahar zuwa la'asar. Shi kuwa mai azumi ya sha ruwa da asuba, kuma ya san tulu na jiransa da magariba. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta gumi ko fiye a sa'a ɗaya. A hamada iskar busasshiya ce, gumin na bushewa tun kafin ya jiƙa riga, don haka mutum ba ya ganin yawan abin da ke fita daga jikinsa. Idan ruwa ya ragu jini yakan yi kauri, zuciya ta ƙara sauri, fitsari ya yi duhu ya ragu. Gishirin jiki ma yana bin gumi ya fita, tsoka ta fara ɗaurewa. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 hankali yakan fara gushewa, mutum ya riƙa tafiya ba ya sanin inda ya nufa. Mafarautanmu da ke bin karnuka daji a ƙarshen rani sun san wannan ba tare da sun karanta a littafi ba. Shi ya sa ake fita da sassafe, shi ya sa kuma babu mai hankalin da zai bar gorarsa a gida.

Prosperi ya tuna labarin da kakansa ya ba shi na zamanin yaƙi, yadda sojoji suka sha fitsarinsu da ruwa ya ƙare. Nan take ya tara nasa a gora tun jikinsa na da sauran ruwa. Likitoci ba sa ba da wannan shawara, domin fitsari na ɗauke da gishiri da dattin da jiki ya fitar, kuma yana iya ƙara wa mai ƙishirwa ƙishirwa. Amma abin da ya yi ke nan, har da shi ya riƙa jiƙa busasshen abincin da ke jakarsa. Ya daina gudu. Ya koma tafiya da asuba da kuma yamma, da rana ya nemi duk inuwar da zai samu ya lafe.

Da yammacin rana ta biyu ya ji ƙugin jirgi mai saukar ungulu. Jirgin ya zo ƙasa-ƙasa har ya ce ya hangi hular matuƙin. Ya zaro abin harba wutar neman agaji da aka ba su, wani ɗan siriri da bai wuce alƙalami ba, ya harba. Matuƙin bai gani ba, jirgin ya wuce.

Bayan wasu kwanaki yana tafiya sai ya hangi gini shi kaɗai a tsakiyar fili. Ɗaki ne da aka gina bisa kabarin wani waliyyi, irin waɗanda ake samu a ƙasashen Magrib, inda makiyaya da matafiya ke yada zango su yi addu'a su huta. Ya shiga yana fatan samun mutane, bai sami kowa ba sai mai kabarin. Ina yawan tunanin wannan wuri. Mutanen da suka ɗebo ƙasa da duwatsu suka yi wannan gini don girmama wani bawan Allah ba su taɓa kawowa a ransu cewa wata rana wani Nasara daga ƙetaren teku zai shigo a galabaice, inuwar ginin nan ta raba shi da rana ba. Ya hau rufin ya kafa tutar Italiya da ke jakarsa, don idan jirgi ya zo a gani, idan kuma ya mutu a san inda ya tsaya. A can sama ya tarar da jemagu manne da hasumiya. Ya kama su da hannu, ya sha jininsu, ya ci namansu ɗanye. Ya ce sun kai ashirin. Wanda ya ji wannan ya yamutsa fuska bai taɓa kwana uku babu ruwa ba.

Ya zauna a ɗakin yana jira. Sai ga ƙarar wani jirgin sama. Ya fito a guje ya tara duk abin da zai iya ci da wuta, har da jakarsa, ya cinna don hayaƙi ya tashi. Wutar na kamawa sai wata guguwar ta taso, ta yi wajen sa'a goma sha biyu, ta shafe hayaƙin, jirgin kuma ya tafi. Sau biyu ceto na zuwa bisa kansa yana wucewa.

A nan zuciyarsa ta karye. Ya lissafa cewa idan ya mutu cikin rairayi ba za a ga gawarsa ba, kuma a dokar Italiya ta lokacin sai an shekara goma kafin a tabbatar da mutuwar wanda ya ɓata, ke nan matarsa da yara za su zauna babu fanshonsa. Idan kuwa ya mutu a cikin ɗakin nan, wata rana wani zai shigo ya gan shi. Ya ɗauki gawayi ya rubuta wa matarsa saƙo, sannan ya yi yunƙurin kashe kansa. Addininmu ya haramta wannan haramci mai tsanani, kuma shi kansa Prosperi da ya ba da labarin daga baya bai kawo shi a matsayin jarumta ba. Amma kwanansa bai ƙare ba. Ƙishirwar da ke neman ransa ita ce ta sa jininsa ya yi kauri har ya ƙi zuba. Da safe ya farka ya ga yana raye, ya ɗauki hakan a matsayin alama cewa lokacinsa bai yi ba, ya miƙe.

Tun kafin a fara tsere, Buzayen da ke tare da su sun ba su wata shawara: wanda ya ɓata ya dubi inda gajimare ke taruwa a gefen sama da asuba, ya nufi can, domin a can ake samun rai. Da taswira da kamfas suka gaza masa, wannan magana ta mutanen hamada ita ya riƙe. Ya bar ɗakin waliyyin ya kama tafiya. Ya riƙa kashe ƙadangaru da macizai yana ci ɗanye, yana samun ɗan ruwa a jikinsu. Idan ya faɗa busasshen rafi sai ya nemi tsirrai masu ruwa a ganye ya matse a baki. Fitsari ma ya daina zuwa. Yana da ƙwayoyin tsayar da gudawa a aljihu, ya riƙa sha don kada ɗan abin da ke cikinsa ya zube. Ya ce a kwanakin nan idonsa ya buɗe, ya fara ganin abin da da yake wucewa a guje ba ya lura da shi: kashin dabba, sawun ƙwaro, inda ƙasa ta ɗan canja launi.

A rana ta takwas ya iske wani ɗan dausayi da ruwa a kwance. Maƙogwaronsa ya kumbura har ba ya iya haɗiya da kyau. Ya kwanta a bakin ruwan yana kurɓa kaɗan-kaɗan, ya shafe sa'o'i shida ko bakwai a haka. A wurin ya ga sawun ƙafar mutum a kan rairayi. Washegari ya hangi awaki, ya bi su, sai ga wata yarinya tana kiwo. Da ta ga wannan halitta, baƙi ƙirin da ƙura, ido ya faɗa, ƙashi da fata, sai ta zura da gudu zuwa tantinsu. Mazan gidan ba sa nan, sun tafi kasuwa. Matan ba su shigar da shi cikin tanti ba, amma sun shimfiɗa masa a inuwa, wata dattijuwa ta kawo masa nonon akuya. Ba su san sunansa ba, ba su jin harshensa, ba su san akwai wani tsere da ake yi ba. Baƙo ne ya zo a wahale, suka yi masa abin da ake yi wa baƙo, sannan suka aika a kira hukuma.

Jami'an tsaron da suka zo sun ɗaure masa ido kafin su sa shi a mota. Sai a lokacin ya gane cewa ba a Maroko yake ba, ya tsallaka cikin Aljeriya, kimanin kilomita 291 daga hanyar tseren. A 1994 tsakanin ƙasashen biyu babu daɗi saboda rikicin Yammacin Sahara, ita kuma Aljeriya tana cikin yaƙin basasa, har ma a watan Agustan wannan shekara aka rufe iyakarsu ta ƙasa. Baƙon Bature da ya ɓullo daga wajen iyaka dole a tuhume shi da leƙen asiri. Da aka tabbatar shi ne ɗan tseren da ake ta cigiya, sai aka kwance masa ido aka kai shi asibiti a garin Tinduf. An auna shi, nauyinsa kilo 45, ya zubar da kilo 16. An yi ta ƙara masa ruwa. Daga asibitin ya buga wa matarsa waya, abin da ya fara tambayarta shi ne ko har sun yi masa jana'iza. Hantarsa ta taɓu, idanunsa ma haka. Ya yi watanni ba ya iya cin komai sai abu mai ruwa-ruwa, kuma sai da ya kusa shekara biyu kafin ya dawo daidai.

Ba kowa ne ya gaskata shi ba. Patrick Bauer da kansa ya ce jikin ɗan Adam ba zai iya jure abin da Prosperi ya ce ya jure ba. Shakka a irin wannan labari ba laifi ba ce, tunda shaida ɗaya ce, kuma shaidar mutum ce da ƙishirwa ta jigata. Sai dai masu ɗaukar fim da suka bi sawunsa daga baya sun kai ga ɗakin waliyyin, sun sami wasu kayansa da ƙasusuwan jemagu. Asibitin da ya karɓe shi kuma a Aljeriya yake, ba a Maroko ba, kuma kilo 16 ba abin da mutum zai ɓoye a aljihu ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin wannan tsere shi ne waɗanda suka yi ta cin sa. Turawa na zuwa da takalma masu tsada da abincin da aka auna a ma'auni, amma Lahcen Ahansal, ɗan gidan makiyaya daga yankin Zagora a kudancin Maroko, shi ya lashe tseren sau goma, ƙaninsa Mohamad kuma sau biyar. Sun tashi suna bin dabbobi a wannan ƙasa, sun san inda rairayi ke da tauri a gefen tudu da inda ƙafa ke nutsewa. Ko da haka zafi ba ya ragawa kowa. A 2021, da annobar korona ta sa aka ɗage tseren zuwa Oktoba, zafi ya tsananta har wani ɗan tsere Bafaranshe ya rasu, kusan rabin waɗanda suka fara kuma ba su kai ƙarshe ba, duk da likitoci da motoci da jirage da ke biye da su.

Wannan hamadar ce kuma mutanenmu ke ratsawa ba don lambar yabo ba. A watan Oktoban 2013 wasu motoci biyu suka tashi daga Arlit a arewacin Nijar za su Aljeriya, suka lalace a hanya. Mutanen ciki suka watsu da ƙafa neman rijiya. An tsinci gawa 92 ba nisa da iyaka: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga yankin Kance suke, a jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu da ke maƙwabtaka da Daura, sun fito neman abin sawa a bakin salati. Gwamnatin Nijar ta ayyana makoki na kwana uku. Prosperi ƙaƙƙarfan namiji ne da ya yi watanni yana horar da jikinsa, yana da abinci a jaka, ana kuma nemansa ta sama da ta ƙasa, duk da haka da ƙyar ya sha. Waɗannan mata kuwa da goyo suka shiga rairayin. Ba na iya karanta labarinsa ban tuna da su ba, kuma ina ganin duk matashin da wani ya zo yana yi masa daɗin baki kan hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya ya kamata ya ji labaran nan biyu tare.

Bayan abin da ya faru a 1994 masu shirya tseren sun sauya ɗan siririn abin harba wutar nan da babba irin na masu jiragen ruwa, mai nauyin kusan rabin kilo, 'yan tsere na ƙorafin nauyinsa suna ɗauka. A yanzu kowane ɗan tsere na ɗauke da na'urar da ke nuna wa tauraron ɗan Adam inda yake a kowane lokaci. Shi kuwa Prosperi, shekara huɗu bayan an ɗauko shi daga Tinduf ya sake komawa bakin layin tashi, ya ce ba ya barin abin da ya fara bai gama ba. Ya sake shiga tseren sau da dama bayan nan, ya kuma kai ƙarshensa. Matarsa, wadda ta yi kwanakin nan tana jira da yara uku ba ta san ko mijinta na raye ba, ba ta iya ci gaba da irin wannan zama ba, daga baya suka rabu. Da yake ba da labarin a 2014 bai ɗora mata laifi ba, ya ce shi ne bai iya canjawa ba.